Rigar Gida Ɗari

Tun ranar da aka sallamo Dalila daga asibiti da ɗanta namiji, gidan nan nasu na unguwar Sedgefield a birnin Greensboro ya zama gida ɗaya mai kaka biyu, kuma duk wanda ya san kakanni ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kouloussoum, uwar Dalila, ta taso daga ɗan gidanta na haya a Glenwood da akwati biyu, da kanwa, da garin kunu, ta zo yi wa 'yarta jego yadda aka yi mata a Maraɗi. Sai ta tarar uwar miji ta riga ta zama 'yar gida. Ita wannan tun daga China ta taso, 'yar ƙaramar tsohuwa mai gajeren gashi fari fat, ba ta jin Hausa, Turancin ma bai wuce na gaisuwa ba. Ɗanta Fredrick, wanda ya musulunta kafin ya auri Dalila, ya ce a riƙa kiran ta Nainai, wai haka ake ce wa kaka ta wajen uba a wurinsu. Sunan kuwa ya bi ta.

Ba su taɓa yin faɗa ba, don faɗa ma sai da harshe. Kouloussoum za ta dafa ruwan wanka, Nainai ta tsaya a ƙofar bayi tana girgiza kai, wai mai jego ba ta taɓa ruwa. Nainai za ta kawo romon kaza da citta, Kouloussoum ta dire kunun kanwa kusa da shi. Dalila, baiwar Allah, ta shanye duka biyun don a zauna lafiya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya tsaya wa Kouloussoum a wuya shi ne tattalin matar. Leda in an juye burodi, Nainai za ta wanke ta shanya. Tsofaffin singiletin Fredrick ta yanka su murabba'i, ta tafasa, ta mai da su nafkin, alhali ga na kanti an jibge a ɗakin jariri. Rigar sanyin da ke jikinta an juye wuyanta an sake ɗinkewa, ana ganin zaren. Ga injin busar da kaya a gida, amma sai ta ɗaura igiya a bayan gida, daidai inda masu wasan golf ke wucewa a 'yan motocinsu, ta jera tsummokaranta suna kaɗawa. Ɗanta kuwa ba matsiyaci ba ne, injiniya ne mai albashinsa.

Dalila ta taɓa cewa ai masu ilimi a jami'a suna ta taro a kan irin wannan, wai kare muhalli ake ce masa, kuma kuɗi ake kashewa don a koya wa mutane abin da tsohuwar nan ke yi a banza. Da Fredrick ya fassara wa uwarsa, dariya ta yi har da rufe baki. Ta ce ita ba ta san wani muhalli ba. Ita dai ta tashi a gidan da tufa ba ta mutuwa lokaci ɗaya: ta fara zama rigar babba, ta koma ta yaro, ta koma nafkin, sannan ta ƙare a goge ƙasa. Kouloussoum ta taɓe baki, ta ce a ranta, mu a garinmu wannan sunansa maƙo.

Ita kam ba ta san maƙo a wajen sutura ba. Mace ce da ba a taɓa ganin ta da kaya ɗaya a biki biyu ba, kuma da wannan aka san ta a Greensboro. Ta riga ta fitar da anko na suna, leshi ruwan zuma, mata sun saya sun kai ɗinki. Jikan fari ne, ɗan 'yar fari, kuma ta san akwai masu jiran su ga yadda auren Basinne zai kaya. Ta ƙudura ba za ta ba su abin faɗa ba.

Ranar da 'yan barka za su fara zuwa, ta tashi da shara da goge-goge kamar mai jiran gwamna. A ɗakin jariri, ƙarƙashin gado, ta janyo wani tsohon buhun shinkafa da aka ɗaure bakinsa da igiya. Ta kwance. Ƙyallaye ne cike, kowane bai wuce tafin hannu ba, duk sun koɗe, wani na fulawa, wani na siket ɗin makaranta, wani ma kamar daga aljihun wando aka yanko shi. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu. Ta tuna matan da za su shigo ɗakin nan su leƙa ko'ina da sunan ganin jariri, sai ta ji fuskarta ta yi zafi.

Aka yi dace, ko rashin dace, ranar ce Tahirou ya zo da motarsa karɓar tsofaffin ankonta. Tahirou ɗan Nijar ne mai tara gwanjo yana aikawa gida a kwantena. Nainai tana bayan gida wajen igiyarta. Kouloussoum ta ɗora buhun a kan kayanta ta miƙa masa, ta koma ta kunna turaren wuta, ranta fes.

Washegari da safe ta ga Nainai a durƙushe a ɗakin jariri, rabin jikinta a ƙarƙashin gado. Ta fito, ta buɗe kabad, ta rufe. Ta je gareji, ta dawo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kalli kowa ba. Daga ƙarshe ta tsaya a tsakiyar falo ta yi wa ɗanta magana a hankali, shi kuma ya shiga wajen matarsa. Kouloussoum tana kicin tana dama kunu, ta gane abin da ake nema tun kafin a kira ta.

Ba ta yi musu ba. Ta ce e, ita ta bayar, tsumma ne ai. Dalila tana zaune a bakin gado da jariri a ƙirji, idanunta sun faɗa don rashin barci, ta yi mata bayani da muryar da Kouloussoum ba ta san ta da ita ba. A garin su Nainai, in za a haifi yaro, kakarsa ce ke bin gidaje tana roƙon ƙyalle ɗaya ɗaya, daga tufar da aka sa aka more, ta yaron da ya girma lafiya ko ta tsohon da ya daɗe. Gida ɗari ake nema. A haɗa su a ɗinka wa jariri riga, don ya tashi a lulluɓe da fatan alherin mutane. Tun da aka gaya mata Dalila na da ciki ta fara bi, a ƙafa, da ciwon gwiwarta. Ta bar kayan sawarta a can don buhun ya samu wuri a akwati. Kuma a cikinsu akwai wani shuɗi mai ratsin fari, daga rigar aikin mijinta, baban Fredrick, wanda ya rasu bara. Sauran rigar an binne shi da ita.

Kouloussoum ta buɗe baki ta ce ai ba ta sani ba.

"Ba ki tambaya ba, Mama," in ji Dalila. "Ba ki taɓa tambaya ba. Kin ga abu bai yi miki ba, shi ke nan ya zama shara." Ta gyara wa jaririn kwanciya, ba ta ɗago ba. "Please, ki nemo shi. In bai samu ba, gara ki koma Glenwood har bayan suna. I can't do this. Ba zan iya zama tsakaninku ba."

Maganar ta shige ta kamar ƙaya. A kore ta daga jegon 'yarta, ta zo suna ranar suna kamar baƙuwa, a ba ta kujera a tsakar gida, wata can ce za ta fito da jikanta a hannu. Ta zari mayafi da makullin mota, ko kunun ba ta sauke ba.

Tahirou bai ɗaga waya ba. Ta kira, ta sake kira, tana tuƙi tana kira, har ta wuce mahaɗar da za ta juya, sai da ta zagayo. Hanyar Pleasant Garden, inda gidansa yake, ba ta taɓa yi mata tsawo irin na ranar ba. Kowace danja sai ta tsayar da ita, kowace babbar mota sai ta shiga gabanta tana tafiyar hawainiya. Tana ta tsara yadda za ta ɗauki buhun, ta kakkaɓe shi, ta dire shi a gaban 'yarta ba tare da ta ce uffan ba. Can kuma sai ta ji haushin Nainai ya taso mata: abu mai daraja haka, wa ke ajiye shi a buhun shinkafa? Sai haushin ya juyo kanta.

Tahirou yana da wani babban rumbu na kwano a bayan gidansa, a fili mai faɗi da ba maƙwabci kusa. Kouloussoum ta sha ba shi kaya, amma ba ta taɓa shiga ba. Da ta shiga sai ta tsaya cak. Tufafi ne tuli har kusa da rufi, riguna, wanduna, wasu da takardar kanti a jiki ba a ko cire ba. Gefe guda an matse wasu an ɗaure da waya dila dila. A kan wani tudu ta hango leshinta na bikin Houda, wanda ta sa sau ɗaya tak, an wurga shi kan wani wandon wasanni.

Tahirou ya fito yana goge hannu, ya gaishe ta da ladabi, ya tambayi mai jego da maigidan nata sabo. Ta amsa a gajarce ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya sosa ƙeya. Ya ce ya tuna buhun sarai, don ya yi mamakin Hajiya da irin wannan kaya.

"Bon, Hajiya, ni bosho nake aikawa, gwanjo mai kyau, wanda za a sa. Kin ga duk wannan? Rabinsa ma a China aka ɗinka, a sa shi sau biyu a nan, mu kuma mu kai Maraɗi. Amma ƙyalle ba ya biyan kuɗin jirgi. Irin wannan Kwesi nake kai wa, ya goge hannu."

Jiya da yamma ya kai. Kwesi makanike ne, ɗan Ghana, garejinsa yana can kusa da Glenwood, wato unguwarta za ta koma. Ba ta tsaya sallama ba.

Ta samu Kwesi a ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito a kan ɗan katakonsa mai taya, ya saurare ta, fuskarsa tana canzawa. Ya nuna mata wani kwali a gindin bango. Buhun yana nan kusa, a yashe, babu komai a ciki. An juye ƙyallayen cikin sauran tsummokaran gareji, kuma tun safe ake aiki da su, don masu laushi ne, sun fi na saye shan mai.

Kouloussoum, wadda ba ta zama a kujerar mutane sai ta kakkaɓe, ta durƙusa a kan simintin gareji ta tsoma hannu cikin kwalin. Tana ɗagawa tana dubawa, tana ware waɗanda ta gane. Wasu da sauran tsabta, wasu baƙin mai ya cinye rabinsu. Ta juye kwalin gaba ɗaya a ƙasa. Ta leƙa ƙarƙashin motoci, ta zaro ɗaya daga aljihun Kwesi na baya. Shuɗi mai ratsin fari take nema, duk shuɗin da ta ɗaga sai ta ga ba shi ba ne. Kwesi ya ce waɗanda suka jiƙe da mai sosai a wani jan duro ake zubawa saboda gobara, kuma masu kwashewa sun zo ɗazu sun tafi da shi. Ya kira kamfanin a gabanta. Aka ce motar ta riga ta sauke, an haɗa da na sauran garejoji.

Abin da ta tsira da shi bai cika hannu biyu ba. Ta zauna a kan wata tsohuwar taya tana kallon su a cinyarta.

Rukaya matar Kwesi, wadda ke kula da ofishin garejin, ta kawo mata ruwa, ta ji labarin daga farko. Ita 'yar zangon Kumasi ce, ba ta da nauyin baki. Ta ce, "Anti, to gida ɗari ne kawai? Mu nan garin ba mu kai ɗari ba?" Kafin Kouloussoum ta ba da amsa, ta shiga mota ta ɗauko wata tsohuwar rigar 'yarta, ta sa almakashin ofis ta yanko gefe. Ta ce yarinyar ko mura ba ta cika yi ba, kuma cin tuwo sai a roƙe ta ta bari.

Kouloussoum ta karɓa tana jujjuya shi. Ba zai maye abin da ya ɓata ba, ta sani. Amma zama ba nata ba ne, kuma ba ta da fuskar komawa Sedgefield da ɗan abin da ke hannunta. Ta miƙe.

Gidan Hajiya Mounira ta fara zuwa, don ita ce babbarsu, in ta bayar kowa zai bayar. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo lemo, Kouloussoum tana zaune a bakin kujera kamar mai jiran a kira lambarta. Da ta faɗi buƙatarta, Hajiya ta ajiye kofinta a hankali.

"Ƙyallen tufar da na sa? Wadda ta sha gumina?"

"Ɗan kaɗan, Hajiya. Kamar tafin hannu."

"A kai wa wa? A yi me da shi?" Ta gyara zama. "Kouloussoum, ke fa ba yarinya ba ce. Kin san abin da ake yi da irin wannan. Ban ce ke ba, Allah ya sani. Amma matar nan mun san ta? Mun san abin da take karantawa a kai?"

Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da atamfa sabuwa dal, turmi guda a ledarta, ta ce ga wannan, a yanka yadda ake so, kyauta ta ba jariri. Kouloussoum ta ce sabo ba ya yi, sai wanda aka sa. Hajiya ta ce to ai ka ji, abin da ya ƙi sabo ya nace sai mai gumi, a bar shi kawai.

Ba ta ji haushin Hajiya ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da wata ce ta zo mata da wannan roƙo makon jiya, da amsar da za ta bayar ke nan, wataƙila ma ba lemo. Ita ma a gidan da ta tashi, gashin da aka tsefe ba a barin sa a ƙasa, tsohon zane kuma in ya ƙare ƙona shi ake yi, kada wani ya tsinta ya kai inda ba a so. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Haka ta yi ta bin Glenwood, layi layi, tana ajiye mota tana hawa matakala tana ƙwanƙwasawa. Wata ta ce ta dawo in maigida ya dawo. Wata ta yi dariya ta yanko mata daga ɗankwalin da ke kanta. Wata ta bayar, Kouloussoum ba ta kai mota ba ta biyo ta da gudu ta ce ta yi haƙuri, zuciyarta ba ta kwanta ba. Wata tsohuwa 'yar Damagaram ta ce da tsohuwar zuma ake magani, ta ba ta har biyu, nata da na jikarta. Wasu ɗaliban jami'a da ke haya kusa da gidanta, waɗanda kullum take ƙorafin kiɗansu, suka ji labarin suka ce abin ya burge su, suka yayyanko mata daga rigunansu har da ɗaukar hoto.

Kafin la'asar labari ya riga ta isa gidajen da ba ta kai ba. Wayarta tana ta ƙara a jaka, saƙon murya na bin saƙon murya a zauren mata: wai Kouloussoum na bin gidaje tana roƙon tsumma, wai surukarta Basinniya ce ta sa ta, wai Allah ya kyauta. Mutuncin da ta jefar da buhu don ta tsare, ga shi tana rabon sa ƙofa ƙofa da hannunta. Ta kashe wayar ta ci gaba.

A gidanta na Glenwood ta kwana, in kwana za a kira shi. Gari na wayewa ta wanke ƙyallayen gareji da sabulun wanke-wanke, ta sake wankewa, baƙin ya ƙi fita duka. Ta sake fita. Ta je wajen masu kitso, ta je shagon da ake sayar da daddawa da busasshen kifi, ta tare mata a bakin masallaci bayan azahar. Ƙafafunta suka kumbura cikin takalmi. Ba ta kai ɗari ba, ko kusa, kuma suna ya matso, ɗinki kuma na hannu ne. Da rana ta karkata sai ta ga babu sauran ƙofar da za ta buga, ta juya kan mota zuwa Sedgefield.

Fredrick ne ya buɗe mata, ya gaishe ta da Hausarsa mai ɗingishi, ta amsa tana kallon ƙasa, kunyar suruki ta haɗu da wata kunyar. Ta juye ledar a kan teburin cin abinci. Nainai ta zo ta sa tabarau. Ta fara da nata, waɗanda suka dawo daga gareji, tana shafa kowane da babban yatsa, tana kiran wani abu a hankali, da alama sunayen masu su ne. Sannan ta shiga waɗanda aka roƙo, atamfa da shadda da yadin makaranta, tana ɗagawa tana nuna wa Dalila, Dalila tana tambayar uwarta na wane ne, Kouloussoum tana faɗa. Da ta kai ƙarshe sai ta koma farko. Ta ɗaga ledar ta zazzage, ta leƙa cikinta.

"Ban same shi ba," in ji Kouloussoum da Hausa. Ba wanda ya fassara, ba a kuma buƙaci fassarar ba.

Nainai ta cire tabarau ta naɗe, ta shiga ɗakinta ta ja ƙofa. Fredrick ya fice, Dalila ta tashi da jaririnta ta bi bayansa. Aka bar Kouloussoum da tebur.

Ta gane hukuncin, ba sai an maimaita mata ba. Ta shiga ɗakin da aka sauke ta, ta tuɓe kayan fita da suka sha rana da man gareji, ta ɗaura wani tsohon zanenta da ba ta yarda baƙo ya gan ta da shi, wanda da shi ta shigo ƙasar nan, ya koɗe har ba a gane zanen da ke jikinsa. Ta buɗe akwati a kan gado ta fara ninke kaya. Tana ninkewa tana warwarewa, hannunta ya ƙi yin daidai. Baƙin ciki ne fal ranta, kuma babu wanda za ta ɗora wa.

Aka ƙwanƙwasa. Nainai ce, idanunta jajaye, da almakashi a hannu. Dalila tana bayanta da jariri, Fredrick kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana fassara.

"Mama, tana tambaya," in ji Dalila. "Ta ce kin faɗi na kowa. Wanne ne naki?"

Kouloussoum ta dubi akwatinta. Kwana biyu tana bin gari tana roƙon mutane su ba da abin da suke tsoro, tana jin zafin masu hanawa, ita kuwa ko sau ɗaya bai zo mata ba ta sa almakashi a nata. Ko kuwa ya zo, ta kau da kai. Ta juya da sauri ta janyo leshin da ya fi kowane tsada a akwatin, ta miƙa da hannu biyu.

Nainai ta murza leshin tsakanin yatsu, ta goga shi a bayan hannunta, ta girgiza kai. Ta yi magana gajeriya, Fredrick daga bakin ƙofa ya faɗa wa Dalila, Dalila ta ce, "Ta ce wannan zai kankare masa fata. Kuma leshin bai san ki ba." Tsohuwar ta sunkuya ta kama gefen zanen da ke jikin Kouloussoum.

Duk abin da uwarta ta taɓa gaya mata, duk abin da Hajiya Mounira ta faɗa, ya taso mata lokaci guda, har ta ji ƙafarta tana son ja da baya. Ga matar da ta yi wa asarar da ba ta da magani, ga almakashi, ga zanen da ya sha guminta shekara da shekaru. Ta dubi hannun da ke riƙe da zanen, duk jijiya. Ta yi bisimilla, ta kama ɗaya gefen da kanta ta ja shi ya miƙe don yankan ya yi daidai.

Almakashin ya ci zanen ba gardama, don ya riga ya yi laushi kamar auduga. Dalila ta matso ta sa wa uwarta jaririn a hannu, ta ce ta riƙe shi da kyau, za a gwada. Ta ture akwatin gefe da gwiwa don uwar ta samu wurin zama a bakin gado, ta rufe murfinsa. Nainai ta shimfiɗa ƙyallen a ƙirjin yaron, ɓangaren hagu, ta daidaita shi da yatsa, ta ninke gefe, ta sake daidaitawa. Ta faɗi wata magana ba ta ɗago ba. Fredrick bai fassara nan take ba, sai da ya share fuska.

"Ta ce nan ne wurin na Baba," ya ce. "Ta ce kada a bar wurin fanko."

Da zagi aka yi mata da ya fi mata sauƙi. Kouloussoum ta so ta ce a'a, ba ta cancanta ba, a sa na wani, amma ba ta da harshen da za ta faɗa wa matar, kuma hannayenta duka biyu suna riƙe da yaro, ko hawayen ba ta da damar sharewa. Ta san duk ranar da ta ga rigar nan a jikinsa, shuɗin da babu shi za ta fara gani. Yaron ya motsa, ƙyallen ya zame. Nainai ta ɗan bugi hannunta alamar ta riƙe shi da kyau, ta mai da shi wurinsa, ta ciro allura daga wuyan rigarta.